Gidajen gwamnati a Kano: a gina a sayar, ko a gina a ba talaka haya?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah akwai maganar da ta hana ni barci kwana biyu, nake so mu tattauna. Jiya mai gidan da nake haya ya aiko yaronsa wai daga watan gobe kuɗin ciki da falo ya tashi daga dubu 250 zuwa dubu 400 a shekara, kuma a dunƙule yake so ba rabi-rabi ba, in ba zan iya ba akwai masu jira. Shekarata tara a gidan nan, duk yarana uku a nan aka haife su. Ban ma ga laifinsa sosai ba don shi ma siminti da kwano ba kyauta ake ba shi ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar Asabar na bi ta titin Zariya na wuce ta wajen rukunin gidajen da gwamnati ta gina na Kwankwasiyya da Amana, ga gidaje reras an kashe musu dukiya amma da yawansu ba ka ganin alamar mutum a ciki, sai na tambayi kaina wai wace hukuma ce ma aikinta ta ga irina mai albashin da bai kai dubu 100 ba ya samu inda zai sa iyalinsa a cikin garin nan? Masu sani dan Allah ku yi mana bayani.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita Abban Hanifa. Ni dai gaskiya na daɗe da cire rai da gidan gwamnati. Gwamnati ba ta iya gini da araha ba, gidan da zan gina da miliyan goma ita sai ta kashe ashirin saboda ɗan kwangila da masu sa hannu. Ta yi mana titi da kwata ta ja ruwa da wuta kawai, mu za mu gina abinmu da kaɗan-kaɗan yadda iyayenmu suka yi.

Injiniya Bala: Abban Hanifa tambayarka ita ce ainihin maganar, bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Akwai Hukumar Gidaje ta Jihar Kano, ita ce aka kafa don gina gidaje da kula da su. Akwai KNUPDA wadda a da ake ce wa KASEPPA, ita ke tsara gari da ba da izinin gini. Sai ma'aikatar ƙasa da KANGIS masu harkar filaye da takardu. Amma ka lura duk waɗannan na jiha ne, jihar da ke da ƙananan hukumomi 44, daga Doguwa har Ghari wadda a da ake ce wa Kunchi. Shi birnin Kano a karan kansa ba shi da hukuma guda ɗaya da za ka ce ita ce uwar gari. An yayyanka shi gida takwas: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowanne da ciyaman ɗinsa, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake da iko da filin cikin gari. Dokar filaye ta 1978 wadda aka yi a mulkin soja na Obasanjo ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, ƙaramar hukuma filin karkara kawai aka bar mata. In ka duba kundin tsarin mulki, ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma su ne irin su sa wa tituna suna, ba gidaje lamba, kwashe shara, banɗakin jama'a, kasuwa da tasha, da harajin gidaje. Gina gidan talaka ba ya ciki. To ka ga wanda ya fi kusa da kai ba shi da fili, wanda yake da fili kuma ya yi maka nisa.

Abban Hanifa: Ikon Allah, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na gode Injiniya. To amma ba an ce kotun ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu ba?

Injiniya Bala: Ta bayar, a watan Yulin 2024. Amma wannan maganar kuɗin wata-wata ce, ba ta taɓa dokar filaye ba. Ko yau ciyaman ɗin Tarauni ya samu biliyan a hannu sai ya je ya nemi fili a wajen jiha.

Maman Khalifa: Ni kuma abin da nake so in ce ya bambanta kaɗan, don a gidan gwamnati na tashi. Babanmu Allah ya jiƙansa ma'aikaci ne, aka ba shi gida mai ɗaki uku a wani rukunin gidaje, ana cire haya daga albashinsa. Wallahi lokacin da muke yara in famfo ya lalace Baba rubutawa yake a kai ofis, bayan kwana biyu uku ka ga mai gyara ya zo da kayansa. Akwai filin da muke wasa, akwai bishiyoyin darbejiya a jere, kwatar bayan gidaje ana yashe ta kafin damina. Daga baya aka sayar wa kowa gidan da yake ciki, kowa ya yi murna har da mu, don da wannan ne muka samu abin da Baba ya bar mana. Amma daga ranar da aka miƙa takardu ofis ya janye hannunsa gaba ɗaya, wannan ya fitar da shago ya cinye rabin hanya, wancan ya ɗora bene ya toshe wa maƙwabci iska, filin wasanmu na je bara na tarar an yanka shi fuloti-fuloti, kwatar nan kuwa ta cike, duk damina ruwa har tsakar gida. Ba wai mutanen banza ba ne, a'a, kawai dai babu wanda aka ɗora wa alhakin abin da yake na kowa da kowa. Shi ya sa in ana maganar gidaje kowa sai ya ce a gina a gina, ni kuma nake cewa ginin ai shi ne mai sauƙi, wa zai kula bayan an yanke kyallen buɗewa an watse?

Hajiya Binta: Maman Khalifa kin faɗi gaskiya 'yar uwa. Ni ina da gidajen haya biyu da maigidana ya bari, ni na san abin da sokawe ɗaya yake ci in ya cika. Gida kamar jariri ne, kullum da hidimarsa.

Ɗan Fagge: To ai maganata ce ta fito Anti. In hukuma ba za ta iya kula da kwata ba ta yaya za ta kula da gidaje dubu?

Maman Khalifa: A'a Malam, ba haka na ce ba. Cewa na yi lokacin da gidajen suke hannunta tana karɓar haya ta kula da su. Da ta sayar ne ta daina. Ka sake karantawa.

Injiniya Bala: Wannan gaɓar da Maman Khalifa ta kawo ita ce ni ma nake ganin ta fi komai. Ku duba Kundila, Ja'oji, Gwammaja, Kabuga, Ɗanladi Nasidi, da Shagari Kwatas na gwamnatin tarayya. Duk rukunin gidaje ne da aka gina da kuɗin jama'a, wasunsu lokacin da aka yi su bakin gari ne, yau kuwa gari ya haɗiye su, filinsu ma kaɗai dukiya ne. In da a ce wani kaso na irin waɗannan gidaje yana nan a hannun hukuma ana ba da su haya mai sauƙi, da yau malamin firamare ko nas da aka ɗauka aiki bana zai iya samun ɗaki biyu a kusa da wurin aikinsa, in ya samu hali ya gina nasa ya fita a ba na baya. Amma da zarar ka sayar, taimakon mutum ɗaya ka yi sau ɗaya, shi kenan. Shi ma in ya tashi sayarwa a farashin kasuwa zai sayar, ko magada su raba. A Abuja ma haka aka yi, bayan tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 na maida haƙƙin ma'aikata kuɗi, aka sayar da gidajen gwamnati, yanzu ƙaramin ma'aikaci daga Nyanya ko Mararaba ko Suleja yake sammako kullum.

Sadiƙ Gwale: Baba Injiniya akwai birnin da suka ƙi sayarwa ai. Biyana, babban birnin Ostiriya. Hukumar birnin ce da kanta take da gidajen haya wajen dubu 220, tun shekarun 1920 suka fara ginawa da wani haraji na musamman da suka sa wanda ya fi hawa kan masu hali, kuma har yau suna hannunta. Akwai wani dogon gini Karl-Marx-Hof da aka buɗe a 1930, har yanzu mutane ne a ciki suna biyan haya ga birni. Kuma ba talaka tilis kaɗai ke zama ba, har da masu matsakaicin samu, don kada unguwa ta zama ta marasa galihu zalla a yi watsi da ita.

Ɗan Fagge: Sadiƙ ka bar mu da Turai dan Allah. Can mutum in bai biya haya ba ya san abin da zai biyo baya. Nan kuwa ka ba mutum gidan gwamnati haya, wata uku zai biya ya daina, ka zo tashinsa ya ce shi ɗan jam'iyya ne, ko ya kawo maka takarda daga wani babba. Kayan gwamnati a wajenmu ai na Allah ya ba ku mu samu ne. Ni ɗan kasuwa ne na san halin bashi.

Hajiya Binta: Nan kam Ɗan Fagge yana da gaskiya. Ni da nake mace mai zaman kanta ma sai na yi da gaske nake karɓar kuɗina, wani sai mun je gaban mai unguwa.

Maman Khalifa: Hajiya to me ya sa na Baba bai taɓa makara ba? Saboda daga albashi ake cirewa. A fara da masu albashi mana, malamai, ma'aikatan asibiti, masu shara, 'yan kwana-kwana. Su kuma 'yan kasuwa da masu sana'a ai suna da ƙungiyoyi, 'yan adaidaita sahu kullum suna biyan kuɗin balas ba fashi, teloli da mahauta suna zubin adashi na shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Mutanenmu suna biya in tsarin ya dace da yadda kuɗi ke shigo musu. Abin da ke karya mutum shi ne a ce ya kawo na shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin ejan. Da wata-wata ne da Abban Hanifa bai rasa barci ba.

Abban Hanifa: Wallahi kamar kin shiga zuciyata Anti. Dubu 33 a wata zan iya matsewa in biya ko da za mu rage cefane. Dubu 400 rana ɗaya ce ba ni da ita.

Isuhu na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano, ku bar ni in sa baki daga wannan ɓangare. Mu a Nijar ma'aikatar magajin gari tana da hannu a rabon filaye fiye da yadda Injiniya ya ce na ƙananan hukumominku, amma kada ku zaci hakan ya kashe matsalar. Sau da yawa fili ake yankawa a sayar don a samu kuɗin shiga, ba ruwa ba wuta ba hanya, masu kuɗi su saye goma-goma su aje suna jiran tsada. Har akwai lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye, da yawa ba su da abin ginawa sai suka saida ma 'yan kasuwa da araha. Akwai SONUCI a Yamai mai gina gidaje, amma mai ƙaramin ƙarfi ba kasafai yake kaiwa gare su ba. Ina nufin ba sunan hukumar ba ne magani, ko ta gari ce ko ta jiha, in dai fili ta ɗauka a matsayin abin saidawa to talaka na waje.

Injiniya Bala: Madalla Malam Isuhu, ka ƙara min haske. Kuma wannan ya amsa wa Ɗan Fagge rabin maganarsa. Ba na ƙin tsarin a yanka fili a yi titi da kwata a ba mutane su gina, tsari ne mai kyau kuma ya fi araha, amma sai da sharaɗi: mutum ɗaya fuloti ɗaya, ka fara gini cikin wa'adi ko a karɓe. In ba haka ba 'yan kasuwar fili ne za su cinye. Kuma rashin yin hakan da wuri shi ya haifar mana da awon igiya. Mai gona ya kira dillali su ja igiya su yanka, lungu ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba, ba a bar wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ba, bayan shekara goma unguwa ta cika a dawo ana kiran gwamnati ta zo ta yi titi, kuma ba titi sai da rusau da diyya. Tun ran gini tun ran zane. Mutanen da suka saya ba laifinsu ba ne, shi ne abin da aljihunsu ya kai.

Ustaz Kabiru: Assalamu alaikum. Ina bibiyar maganar tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ne yake hana da yawanmu ko neman gidajen nan, wato kuɗin ruwa. Ni ma'aikaci ne, ana cire min kashi 2.5 cikin ɗari duk wata na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa tun 1992. An ce in ka cika sharuɗɗa bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya zai ba ka rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari ka biya har shekara 30. In ka gwada da bankunan kasuwa wannan sauƙi ne sosai, ban musa ba, amma riba riba ce komai ƙanƙantarta, ni dai ba zan kwantar da iyalina a ƙarƙashinta ba, kuma irina suna da yawa a garin nan. Duk hukumar da take son ta yi wa mutanen Kano gidaje ba ta yi la'akari da wannan ba, ta bar jama'a da yawa a baya tun kafin a fara.

Sadiƙ Gwale: Malam to mene ne mafita a shari'ance? Don ba zai yiwu a ce mutum ya tara miliyoyi a hannu ba.

Ustaz Kabiru: Akwai hanyoyi Sadiƙ, malamai sun yi bayaninsu. Akwai murabaha, hukuma ko banki ya mallaki gidan tukuna sannan ya sayar maka a farashin da aka yanke tun farko ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba ƙari ko da ka yi jinkiri. Akwai ijara wadda take ƙarewa da mallaka, kana biyan haya har lokacin da aka ɗiba ya cika gida ya zama naka. Akwai kuma haɗin gwiwa mai raguwa, ku mallaki gidan tare kana sayen kason abokin tarayyarka a hankali kana biyan hayar ragowar. Bankin Jaiz tun 2012 yake aiki kuma Kano na cikin wuraren da ya fara buɗe reshe, ga wasu sun biyo baya, ke nan abin ba baƙo ba ne. Ita kuwa hayar zalla da Maman Khalifa da Injiniya suke magana a kai ba ta da wata shubuha ko kaɗan, shi ya sa ma na fi karkata gare ta. Sannan kada mu manta da waƙafi. Attajiri ya gina gidaje ya tsayar da su don marayu da zawarawa da ɗalibai, ba a sayarwa ba a gado, hukuma ta ba da fili ta sa ido. Wannan namu ne tun asali ba aro ba.

Ɗan Fagge: Maganar waƙafi na yarda da ita ɗari bisa ɗari Malam. Wannan ko ni zan sa abin da Allah ya hore min.

Injiniya Bala: Bari mu yi lissafi a fili don a san me ake nufi da gida mai sauƙi, don kalmar ta sha wahala a bakin 'yan siyasa. Mafi ƙarancin albashi a Kano yanzu dubu 71 ne. A shekara dubu 852 ke nan. A ce mutum ya ware kashi ɗaya cikin uku don muhalli, wanda ma ya yi yawa ga mai iyali, wajen dubu 23 da ɗoriya a wata, dubu 284 a shekara. Ya yi shekara 30 yana biya ba fashi ba ruwa, miliyan takwas da rabi ya tara. To duk gidan da ya haura haka ba na wannan mutumin ba ne, ko da an rubuta masa mai sauƙin kuɗi a allo. Shi kuma kashi 2.5 da ake cire masa naira 1,775 ne a wata, ku gwada da buhun siminti da ya taɓa haura dubu goma. Shi ya sa nake cewa ga mai wannan albashi maganar mallaka a yau nesa ce, abin da zai cece shi haya ce mai tabbas wadda ba za a tashe shi da tsakar damina ba. Biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 aiki ne babba, tsarinsu da titunansu abin a yaba ne, ban raina ba, amma yawancin gidajen ajinsu ya fi ƙarfin wanda muke magana a kai, waɗanda suka iya saya kuwa da ma suna da inda suke kwana. Shi ya sa har ta kai gwamnati mai ci ta ba masu gidajen wa'adi su tare ko su sa 'yan haya.

Baffa Kurna: Injiniya dan Allah kada a maida abin siyasa. Wanda ya gina ya yi ƙoƙari, wasu ko bulo ɗaya ba su ɗora ba.

Admin: Baffa ba wanda ya zagi kowa, Injiniya ma yabawa ya yi kafin ya faɗi ra'ayinsa. A ci gaba a kan gidaje, duk wanda ya kawo jam'iyya zan goge.

Baffa Kurna: Shi kenan na ji. To ni tambayata nisa. Bandirawo tana can hanyar Katsina, ni kuma a Kantin Kwari nake neman abinci, yarana suna makaranta a Kurna. Ko kyauta aka ba ni gida a bayan gari sai na yi lissafin kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa, da man fetur yadda yake ɗin nan zai iya fin hayar da nake biya yanzu.

Sadiƙ Gwale: Baffa irin wannan ce ta faru a Adis Ababa, na je can sau biyu. Hukumar birnin ta gina benaye masu ɗimbin yawa tun wajen 2005, mutum ya yi rajista ya riƙa ajiya a banki, akwai tsarin da za ka tara kashi 10, akwai na 20, akwai na 40, ragowar bashi ne, sannan a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Ƙuri'ar ta burge ni don ta rage sanayya. Amma na baya-bayan da aka kai can gefen gari irin su Koye Fece, wasu da suka ci ba sa iya biyan bashin ga nisa da wurin nemansu, sai su zuba 'yan haya su koma inda suka fito. A Singafo kuwa hukumar gidajensu da aka kafa a 1960, wadda yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar a gidajenta suke, ba ta ajiye gini shi kaɗai, tare yake zuwa da kasuwa da makaranta da tashar mota ko jirgin ƙasa, kuma in ka saya dole ka zauna a ciki aƙalla shekara biyar kafin ka sayar ko ka ba da shi haya gaba ɗaya. Wannan sharaɗin kaɗai da an sa shi a nan tun farko da ba a ga gidaje a kulle ba.

Hajiya Binta: Ɗana Sadiƙ, benayen nan fa ku yi a hankali. Mu matan Hausa rayuwarmu a tsakar gida take. A nan ake girki da gawayi ko itace, a nan ake wanki da shanya, a nan mace take 'yar sana'arta ta ƙosai ko ƙuli ko ɗinki ba tare da ta fita ba. Ka ɗora ta a hawa na huɗu ba ruwa a famfo, wane mai garuwa ne zai hau mata da jarka? Ga tsofaffi masu ciwon gwiwa. Kuma baƙo namiji in ya zo ina za a sauke shi in ba zaure ko ɗan falon waje? Duk wanda zai zana gidan talaka ya fara zama da mata ya tambaye su.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Hajiya. Na taɓa shiga wani gida da aka gina wai na masu ƙaramin ƙarfi, tagar kicin tana kallon ƙofar maƙwabci kai tsaye, banɗaki ɗaya kuma sai ka ratsa falo. Matar gidan zani ta rataya ko'ina.

Injiniya Bala: Gaskiya ne, amma Hajiya fili a cikin gari ya yi tsada, in aka ce kowa sai gidan ƙasa mai tsakar gida to dole a tafi nesa, mu koma matsalar Baffa. Tsaka-tsakin shi ne bene hawa ɗaya ko biyu, na ƙasa da ɗan tsakar gidansa a ba masu tsofaffi da yara da yawa, na sama da baranda mai katanga a ba sababbin aure, rijiyar burtsatse ɗaya da tanki mai sola ga kowane rukuni. Jakande a Legas tsakanin 1979 da 1983 benaye marasa tsawo ya yi a Amuwo Odofin, Iponri, Abesan da sauransu, ba ado ba ƙawa, kuma har yau jama'a na ciki, sai dai su ma rashin gyara ya taɓa da yawansu. Ka ga mun sake dawowa kan maganar Maman Khalifa. Ni da za a tambaye ni, kuɗin hayar da aka karɓa kada ya shiga babban asusun gwamnati, a bar wani kaso a asusun rukunin gidajen, da kwamitin mazauna da zai sa hannu kafin a fitar, kuma a liƙa lissafin a allo kowa ya gani duk wata uku.

Ɗan Fagge: In har za a liƙa lissafi a allo, kuma rabon ya zama ƙuri'a a gaban jama'a ba a ofis ba, to na sassauto. Abin da ya sa na tsani harkar, na taɓa sayen fom na wasu gidaje a wata hukuma, na kai hotuna da takardun haraji, na yi ta sintiri kusan shekara biyu, ƙarshe sai gani na yi mutane sun tare, ko sunana ba a kira ba kuma ba wanda ya ce min ga dalili. Kuɗin fom ɗin bai dame ni ba kamar wulaƙancin.

Ustaz Kabiru: Allah ya mayar maka da alheri. Amana ce aka ci, kuma za a tambaya.

Abban Hanifa: Na ƙaru sosai wallahi, Allah ya saka wa kowa. Amma ni yanzu wata ɗaya gare ni. Hajiya ke da kike da gidajen haya, in ke ce ta yaya kike so ɗan haya ya tunkare ki da maganar rabawa?

Hajiya Binta: Kada ka aika, ka je da ƙafarka, kuma kada ka je hannu rabbana. Ka haɗa abin da za ka iya ko rabi ne ka ɗora a gabansa, ka tafi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko mai unguwa, ka ce ragowar ga watan da za ka cika, a rubuta kowa ya sa hannu. Ka tuna masa shekara tara ba ka taɓa ba shi ciwon kai ba. Mu masu gida mun fi son wanda muka sani a kan baƙon da ba mu san halinsa ba, ko da sabon zai fi biya.

Maman Khalifa: Kuma ka duba ko akwai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a wurin aikinku, tamu tana ba da rancen haya ba ruwa a cire a wata goma. Injiniya ni ma ina da tambaya kafin a watse, ƙanwata mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ɗinki take yi ba albashi gare ta ba, su da abokan sana'arta su kusan talatin suna adashi. In suka yi rajistar ƙungiya za su iya neman fili a matsayinsu na ƙungiya?

Injiniya Bala: Za su iya nema, ƙungiyar gama kai mai rajista tana iya mallakar fili da sunanta. Su fara da rajistar, su buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, zubin adashin ya riƙa bi ta can don ya zama suna da shaidar shekara ɗaya ko biyu a rubuce. Ki turo min adadinsu da abin da suke zubawa a wata ta akwatin sirri, zan zana musu takardar neman da daddare in sha Allah.